Addar Bayan Ƙofar Nentawe

Da faɗa muka fara sanin juna, ni da Nentawe, kuma a kan adda ne.

Wankan jegon autata Raki ne ya kai ni Manchester. Gidan da suke haya a Ardwick tsohon gini ne na jan bulo da aka raba biyu, mu a ƙasa, wani a sama, ƙofar waje ɗaya. Ranar sunan Nana A'isha, Raki ta ce min na saman, Nentawe, ɗan Najeriya ne, ɗan Jos ma kamar mu, direban bas. Na ce to ai bai kamata a ci shinkafa a ƙasa ƙamshi kaɗai ya hau sama ba. Na zuba masa a kwano, na hau benen nan ina dafa bango, don gwiwata ba ta shiri da bene.

Ya buɗe da fara'arsa, dogo baƙi mai wushirya, ya rusuna. Ƙofar ta bugi wani abu, abin ya faɗo a gabana, tawul ɗin da aka naɗe shi da shi ya ware. Adda ce, bakinta na walƙiya, ta sha wasa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Ta aikin lambu ce, Mama."

"Lambun bayan gidan nan da ko tabarma biyu ba zai ɗauka ba? Ka ga na yi kama da wadda aka haifa jiya?"

Ya sunkuya yana naɗe ta. Can ya ce, "Mama, a Jos wace unguwa?"

Na ce, "Gangare. Kai fa?"

"Jenta."

Shi ke nan, ba sai an yi ƙarin bayani ba. Duk wanda ya zauna a Jos ya san abin da ke tsakanin unguwannin nan biyu, tamu ta Musulmi, tasu ta Kirista.

Na ce, "Wato ka haye teku, ka bar uwarka da danginka, amma wannan ba ka bar ta ba."

"Ba da ita na zo ba. A nan na saya."

"Ai ya fi muni! Ga jaririya a ƙasa, ga mai jego. Wa kake jira da ita? Mu?"

Idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Ba don in sari kowa ba ne, Mama. Don kada a sare ni ne."

Na ce, "Wa ya san tana nan? Makamin da ke bayan ƙofa a cikin tawul, wa yake ba tsoro?"

Ya ce, "Ni na sani. Shi ya sa nake barci."

Na juya na sauko da kwanona yadda na hau da shi. Raki ta ce kai Mama, abin kunya, ta karɓa ta mayar masa. Washegari kwanon ya dawo a wanke, da lemo a ciki, don uwarsa ta koya masa ba a mayar da kwano wayam. A nan na san yaron yana da tarbiyya, ko da kansa ba daidai yake ba.

Daga baya muka saba, har ya zama shi ke kai ni kasuwar Longsight in sayi kuɓewa da attaruhu. In na shiga bas ɗinsa a Oxford Road sai ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya!" 'yan makarantar Fallowfield na waiwayena. Labarinsa kuwa ba daga bakinsa na fara ji ba. Namiji ne, ciki gare shi. Matarsa Murna ce ta ba ni.

Mutumin Pankshin ne asali, a Jos ya girma, acaɓa yake yi. Yana da ƙane ɗaya, Nehemiah, mai koyon gyaran janareta a shagon wani Alhaji a can ɓangarenmu. Ranar da rikici ya tashi, rediyo na ta cewa a kwantar da hankali, komai lafiya, alhali hayaƙi ya rufe gari. Nentawe bai saurari rediyo ba. Ya ɗora uwarsa a babur ya kai ta bariki. Da ya sauke ta sai ya tuna da ƙanensa, ya ciro waya ya kira shi. Ta yi ƙara kaɗan aka kashe.

Alhajin ne ya zo da kansa bayan ƙura ta lafa, yana kuka, ya faɗi yadda aka yi. A cikin silin ya ɓoye yaron. Samarin sun shigo sun bincika ba su ga kowa ba, har sun juya za su fita, sai waya ta yi ƙara a saman kansu.

Ban tambayi Murna su wane ne samarin ba. Na san unguwar. Mai yiwuwa ma na san uwayensu. Mu ma ɗan yayata Sha'aban a ranar ya fita sayen burodi, har yau ba mu ga gawarsa ba, kuma ban taɓa tambayar Nentawe a ina yake tsaye da yammacin ranar ba. Haka muka zauna ni da shi, kowa da tambayar da ya haɗiye.

Bayan rikicin ya shiga 'yan sintirin layinsu, kowane gida da adda da usur. Yakan ce tun daga ranar ba a sake shigowa layinsu ba, don an san a shirye suke. Nakan ce samarinmu ma haka suke cewa, kuma an sake yi, a wani layin dai. Da Murna ta sami aikin jinya a Ingila ya biyo ta, ya koyi tuƙin babbar bas, suka haifi 'yarsu Chloe. Amma mutumin da ke kwana da takalmi a gefen gado, mai tashi ya leƙa taga in mota ta tsaya, zama da shi sai mai haƙurin dutse. Murna ta yi iya yinta, ta gaji, ta nemi aiki a Birmingham kusa da yayarta, ta tafi da yarinyar. Ba su rabu da zagi ba. Kotu ta tsara masa ya ɗauko Chloe ranar Juma'a duk bayan mako biyu, ya mayar da ita Lahadi da yamma.

Juma'ar nan ita ce rayuwarsa. Tun Laraba yake fara share flat ɗin. Ya saya mata ƙaramin gado da zanin gado mai hoton taurari, kullum a gyare yake ko tana nan ko ba ta nan. Ita kuwa 'yar shekara bakwai, da giɓi, Turanci take yi ta hanci irin na Birmingham, Hausarta ba ta wuce "Kaka, masa!" ba. In ta zo nakan kwaɓa ƙullu tun dare.

Surukina Abdulhafiz, mijin Raki, wanda muke kira Malam, karatu ya kawo shi, gwamnati ke biya. A kan makaman ƙare dangi yake bincike a jami'a, waɗanda suke kira nukiliya. Da farko na tambayi Raki, shi Malam bam zai haɗa? Ta ce a'a, yadda manyan ƙasashe ke zama su yi yarjejeniya a rage su yake karantawa. Na ce Allah mai iko, a biya mutum ya karanta yadda za a daina abin da ba shi ke yi ba. Amma da yaƙin Rasha da maƙwabciyarta ya tashi, aka fara ambaton makaman nan a talabijin safe da yamma, sai na ga Malam ya rage cin abinci. A nan na daina yi wa karatunsa ba'a.

Shi da Nentawe sukan zauna a lambun bayan gida da shayi, ni ina yankan alayyahu a bakin tagar kicin, kunnena na wurinsu.

Nentawe yakan ce, "Malam, relax. Kar ta san kar ce. Kowa ya san in ya danna nasa, shi ma ya tafi. Shekara nawa ana riƙe da su, wa ya harba wa mai irin nasa?"

Malam ya ce, "Muddin kowa na cikin hankalinsa, kuma na'ura ba ta yi ƙarya ba. An taɓa yin na'urar da ta ga hasken rana a kan gajimare ta ce makamai ne aka harbo. Mutumin da ke kan aiki ranar ya ƙi yarda da ita. Da ya yarda, wataƙila ba mu sha shayin nan ba."

"To ai ka gani, bai yarda ba."

"Shi. Na gaba fa? Da ma can ƙasashen suna zuwa suna leƙa rumbun juna, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya ajiye. Yanzu an rufe ƙofa, kowa zato yake yi."

Nentawe ya yi dariya. "Waɗannan mutane trained ne, Malam. Ba sa firgita. Kai dai littafi ya yi maka yawa."

Na leƙo na ce, "Shi littafi, kai adda. Ku zo ku ɗauki tuwo kafin ya huce, tunda duniyar ba ta tashi ba tukuna."

Zuwana na biyu ya kama da azumi. Ana cikin azumin gwamnati ta sanar cewa za ta gwada wata ƙararrawa ta gargaɗi, kowace waya a ƙasar za ta yi kuka a lokaci guda, ranar wata Lahadi da rana ta karkata. Nentawe ne da kansa ya sauko ya zauna a gabana ya yi min bayani.

"Mama, wayarki za ta yi wani irin kuka, kada ki tsorata. Test ne kawai. Don ambaliya da gobara suka yi shi. Ba abin da zai faru."

Na ce, "Ni da na ji kukan bindiga a ƙofar ɗakina, waya ce za ta ba ni tsoro?"

Ya ce, "Na dai faɗa miki, kada ki zubar mana da miya."

Lahadin ta faɗo kwana biyu bayan Sallah, kuma makon Chloe ne. Ta ci masa ta ƙoshi, Raki ta yi mata lalle a hannu ɗaya, na ƙulla mata cincin a leda ta kai wa uwarta. Bayan sun dawo daga coci suka kama hanyar Birmingham a motarsa. Da lokacin ya yi wayoyinmu suka kwarma ihu, Nana A'isha ta fashe da kuka, muka yi dariya, aka wuce wurin.

Da la'asar sakaliya Murna ta kira Raki, sun taso kuwa? Muka ce tun ɗazu. Ta ce wayarsa a kashe take. Muka ce cunkoso ne. Ta sake kira, ta sake kira. Da magariba ta yi, muryarta ta canza, ta ce ta kira 'yan sanda. Ba na ganin laifinta. Uwa ce, an tafi da 'yarta, waya a kashe.

'Yan sanda biyu suka zo gidan, mace da namiji, da ladabinsu. Mai gidan haya ya buɗe musu flat ɗin. Ina tsaye a ƙasan bene na ji abin nan ya faɗi, irin faɗuwar da na sani. Suka sauko da addar a cikin doguwar leda. Macen ta tambaye mu ko ya taɓa yi wa wani barazana. Malam ya ce a'a, ya yi ta bayani da Turanci. Ta rubuta, amma na ga fuskarta. Mutum ya ɓace da yarinya, an sami wasasshiyar adda a bayan ƙofarsa, wane Turanci ne zai wanke wannan?

Da safe Nentawe da kansa ya kai Chloe ƙofar uwarta, lafiya lau, da cincin ɗinta a hannu. 'Yan sanda na jiransa a wurin.

Abin da ya faru, a kan bene ya ba ni shi bayan sun sake shi, yana zaune kamar wanda aka zare wa laka. Sun tsaya a wurin hutawa na babbar hanya don Chloe ta ce tana son dankali. Suna zaune cikin jama'a, sai wayoyin mutane ɗari suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Ya ce ya ga mutane na dariya, ya ga rubutun a wayarsa, ya karanta inda aka ce ba sai an yi komai ba. Kalmar nan ce ma ta ƙarasa shi, don irinta rediyo ta faɗa a Jos. Bai san lokacin da ya sungumi yarinyar ba. Ya kashe wayar, ya sauka daga babbar hanya, ya yi ta tuƙi yana nesa da gari, har ya kai wasu tuddai masu tumaki da katangar duwatsu. Ya ce wa Chloe ta kwanta a ƙasan mota kada ta yi motsi. Ya zauna yana kallon sararin sama ta wajen Birmingham, yana jiran hasken bam.

Na ce, "Ba ka kunna wayar ka kira uwarta ba?"

Ya dube ni. Sai na tuna da wayar Nehemiah a cikin silin.

Ya ce, "Mama, ni na faɗa miki test ne. Da bakina. Na san rana, na san lokaci. Kaina ya sani, ƙafata ba ta sani ba." Ya juya wajen Malam da ke tsaye a bakin ƙofa. "Malam, shi wanda ke zaune a gaban maɓallin makaman nan, yana da ƙane?"

Malam ya kau da kai. Shi da ya yi shekara yana neman Nentawe ya yarda da maganarsa, ranar da ya yarda ko murmushi bai yi ba.

Ba a tuhume shi da laifi ba, amma ma'aikatan kula da yara sun zauna da Chloe, ta faɗa musu Daddy ya ce kada ta yi tari. Suka haɗa da addar. Aka dakatar da Juma'arsa. In zai gan ta, sai a wani ɗaki a Birmingham, ranar Asabar, da wata mata zaune a gefe tana kallonsu. Adda ba ta sari kowa ba, ta dai raba shi da 'yarsa.

Na ga yana ramewa, gadon taurari na nan a gyare. Na ce wa Raki ta sama mana mota, Birmingham za mu.

Murna na zaune a Balsall Heath, a saman wani shagon 'yan Pakistan, unguwar da za ka ga gwaza da kuɓewa a bakin titi kamar kasuwar Faringada ta Jos. Na kai mata daddawa da yaji. Ta dawo daga aikin asibiti ke nan, ko rigar aiki ba ta cire ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo shayi, sannan ta ce, "Mama, na san abin da ya kawo ki."

Na ce, "To kin rage min aiki. Uban 'yarki zai mutu a tsaye."

"Ni ma na kusa mutuwa a daren nan. Mama, na san ba mugu ba ne. Da mugu ne ai da sauƙi. Mugu yana jin tsoron kotu. Shi kuwa in abin ya zo masa, ba kotu ba, ko Yesu ne ya sauko ba zai ji shi ba."

"To a bar shi haka? Yarinya ta girma tana ganin ubanta kamar fursuna?"

"Yanzu in an buga ƙofa da ƙarfi, ƙarƙashin tebur take shiga. A Ingila aka haife ta, Mama. Ba ta taɓa ganin Jos ba, ga shi ya kawo mata Jos har ɗaki."

Na sha shayina. Muka yi ta ja, ina matsawa tana matsawa, har Raki ta fara duba agogo. A ƙarshe Murna ta ce abu biyu take so. Ya je wurin GP, likitan unguwa, a haɗa shi da likitan da ke sauraron irin wannan ciwo. Sannan kada a sake samun makami a flat ɗin, ko da wuƙar da ta wuce ta kicin ce. In ya cika har ƙarshen bazara, da bakinta za ta ce a mayar masa da Juma'arsa.

Na ce, "Wa zai tabbatar miki?"

Ta ce, "Ke. Ki riƙa hawa kina dubawa. Ke kaɗai na sani ba kya kara, kuma ba za ki yi min ƙarya ba."

Na ce na ɗauka. Da na faɗa wa Malam, ya ce, "Hajiya, ai abin da ya gagari manyan ƙasashe ke nan, kin gama shi da daddawa." Na ce ya bari a ga ƙarshe.

Nentawe ya yarda da duka biyun, har da rantsuwa. Ya fara zuwa wurin wata likita mace, yana dawowa ido jawur, yana cewa tambayoyinta sun fi na 'yan sanda. Ni kuwa kowace Juma'a in hau benen nan da gwiwata, in leƙa bayan ƙofa, in buɗe kabad, in duba saman firij da sandata. Yakan tsaya ya ƙame kamar soja ya ce, "Inspector ta iso!" Nakan ce, "Rufe min baki, ɗaga katifar." Ya ɗaga tasa, ba komai. Ya fara ƙiba. Ranar Asabar ya tafi Birmingham da masata a kula.

Ana saura mako guda bizata ta ƙare, na hau da wani ɗan bargo da na saya wa Chloe, tunda na ga Juma'arta ta kusa dawowa. Na ce bari in shimfiɗa mata da kaina. Na cusa hannu in gyara zanin taurarin, sai yatsana ya taɓa ƙarfe. Gadon da ban taɓa dubawa ba ke nan, don ban zaci zai iya ba.

Sabuwar adda ce, ta fi ta farko tsawo.

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "A ƙarƙashin 'yarka?"

Ya ce, "Kafin ta zo zan canza mata wuri."

"Ka canza mata wuri. Ka ji bakinka kuwa?"

"Mama, na gwada. Wallahi na gwada, Allah ya sani. Mako uku ban runtsa ba. Ina tuƙa bas da mutum tamanin ido na rufewa. Ranar da na sayo ta na yi barci kamar jariri. Ba zan taɓa ta ba. In dai na san tana nan, shi ke nan."

"Rannan ma ai ka san test ne."

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Murna za ta kira ni kafin in tashi. Ko ka sauko da ita ka ba Malam ya kai inda ake kai su, ko in faɗa mata abin da hannuna ya taɓa."

Ya ɗago ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wato ke ma kin ɗora hannu a kan maɓalli."

Na ce, "Ni ban san maɓalli ba. Alkawari na sani."

Na sauko da tabbacin zai kawo ta. Wane uba ne zai zaɓi ƙarfe a kan 'yarsa? Shi kuma, na gane daga baya, ya zauna da tabbacin ba zan faɗa ba, don ya san yadda nake son yarinyar, ya san ni na je Birmingham da ƙafata. Haka muka yi kwanakin nan, ni a ƙasa shi a sama, kowa na jiran ɗaya ya ji tsoro. In na ji motsinsa a bene sai in ce ga shi nan ya sauko da ita. Sai in ji ƙofar waje ta rufe, ya tafi aiki. Raki ta ce Mama ki ƙara masa lokaci. Na ce lokacin nawa ne? Malam ya hau ya yi masa magana sau biyu, ya sauko hannu wayam.

Murna ta kira ana jibi zan tafi. Ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa, sannan ta ce, "Mama, yaya?"

Na ce, "Yana zuwa wurin likita, bai fasa ko sau ɗaya ba."

"Ɗayan fa?"

Na faɗa mata. Ban faɗi inda na same ta ba, wannan na riƙe. Can ta ce, "Na gode, Mama," ta kashe. Juma'ar ba ta dawo ba. Har yau da nake wannan magana, a ɗakin nan na Birmingham yake ganin 'yarsa, da mace zaune a gefe. Raki ta ce yana nan yana tuƙa bas ɗinsa, yana gaisawa da kowa, shayin lambu ne dai aka daina.

Ranar tafiyata na zaci ba zai fito ba. Sai ga shi ya sauko cikin rigar aiki, ya ɗauki manyan jakunkunana biyu ya kai but ɗin motar Malam, kamar yadda ya saba. Ya buɗe min ƙofa, ya riƙe min sanda har na zauna. Idonsa na kan titi.

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Mama. Ki gaida Jos."

Na riƙe ƙofar kafin ya rufe. Na ce, "Ba zan ce ka yafe min ba, don ban ɗauki naka ba. Asabar ɗin nan ka je ka ga Chloe, ko mutum goma aka zaunar a tsakaninku. Na bar wa Raki ƙullun masa, in ta soya ka karɓa ka tafi da ita da zafinta. Kuma ka bar wayarka a kunne, ɗan nan. In na sauka zan kira ka, ka ɗauka."